Rariyar Kunne

A gidajen kallon ƙwallo na Kano da Maraɗi ba a taɓa shan wahala da sunan Thomas Müller ba. Mula ake ce masa, a wuce wurin. Na daɗe ina jin sunan haka a bakin samari kafin in lura cewa rabinsa sun faɗe shi kusan yadda Bajamushe ke faɗa, ɗaya rabin kuwa ko hanyar ba su kama ba. Ƙarshen sunan, wanda ake rubutawa da e da r, Jamusawa ba sa kaɗa harshe a kansa. Narkewa r ɗin take yi ta koma wani gajeren wasali mai kama da a, saboda haka “la” ɗin samarinmu ba ta da laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne wasalin farko, mai ɗigo biyu a ka. Babu shi a Hausa, babu shi a Larabci, amma ya yi kaka-gida a Jamusanci da Faransanci, harsuna biyu masu maƙwabtaka da juna waɗanda kusan komai na furucinsu ya sha bamban in ban da 'yan abubuwa irin wannan.

Mai karatu zai iya yin sautin nan yanzu, inda yake zaune. Ka ja wasalin i, kamar na ƙarshen kalmar “kifi”. Kada ka bari harshenka ya motsa daga inda yake. Sai ka tattara leɓɓanka ka turo su gaba kamar mai shirin hura wuta. Abin da ya fito, wanda ba i ba ne kuma bai kai u ba, shi ne wasalin Müller, kuma shi ne na kalmomin Faransanci irin su lune, wato farin wata, da rue, wato titi. Yawancinmu a gwajin farko harshen ne ke zillewa baya da zarar leɓɓa sun tattaru, sai mu tsinci kanmu muna cewa u. Dalili kuwa shi ne a Hausa leɓe da harshe tare suke tafiya tun muna goye: in harshe ya yi gaba leɓɓa su baje, a samu i da e; in ya ja baya leɓɓa su kewaye, a samu u da o. Ba mu taɓa raba su ba, don babu wata kalma tamu da ta nemi a raba su. Bafaranshe da Bajamushe sun raba su har hawa uku, tun daga wannan na sama zuwa na deux da schön, zuwa na peur da Hölle, inda baki ya fi buɗewa.

Me ke faruwa a cikin baki har murɗa leɓe kawai ya sauya kalma? Tantanin maƙwallato ba ya yin wasali. Abin da yake yi ziza ce kawai, kamar ta bakin algaita kafin a haɗa shi da gangar jikinta, yana karkarwa sau ɗari da 'yan kai a daƙiƙa ga namiji, kusan ninkin haka ga mace. Daga maƙwallato zuwa leɓɓa akwai bututu mai tsawon kimanin santimita 17 ga babban mutum, kuma siffar wannan bututun ce ke zaɓar amon da za ta ƙarfafa da wanda za ta danne. Hermann von Helmholtz ya nuna haka a littafinsa na 1863 kan yadda kunne ke karɓar sauti, inda ya jera ƙarafa masu amo da 'yan kwalabe, ya haɗa amonsu har suka fitar da abu mai kama da wasulan ɗan'adam ba tare da baki ba. Turo leɓɓa yana ƙara wa bututun tsawo ya kuma matse ƙofarsa, sai amon sama na i ya sauko ƙasa kaɗan. Ya sauko, amma bai kai inda u take ba. Ya tsaya a wani fili da kunnen Bahaushe bai taɓa kafa bukka ba.

To, kunne ba ya barin sauti a fili. Dole ya kai shi gidan wani. Samarin gidan kallo sun kai shi gidan u, suka ce Mula. Hausawan Nijar kuwa, da suka ari kalmar bureau, gidan i suka kai shi, suka ce biro, suna nufin ofis. Haka wasalin ƙarshen monsieur ya koma e a cikin mushe, sunan da ake kiran malamin lakwal da shi. Sauti guda, wani ya riƙe aikin leɓe ya saki na harshe, wani ya riƙe na harshe ya saki na leɓe. Kowa ya ji rabin gaskiya. A Faransanci kuwa rabin nan da aka yar yana iya kifar da magana: dessus na nufin a bisa, dessous na nufin a ƙarƙashi, kuma babu abin da ya raba su sai wannan wasali. A Jamusanci Mutter uwa ɗaya ce, Mütter iyaye mata ne da yawa. Schon “riga” ne ko “tuni”, schön kuwa kyakkyawa.

Abin da ke burge ni shi ne harsunan biyu ba hanya ɗaya suka bi suka iso nan ba. Faransanci ya gaji doguwar u ta Latin, ta luna da murus, ya turo ta gaban baki gaba ɗayanta. A tsohon Jamusanci kuwa wasalin i na gaɓar ƙarshe ne ya riƙa jawo wasalin da ya gabace shi zuwa gaba, domin harshe kan fara shirin sauti na biyu tun bai gama na farko ba. Daga baya i ɗin ta shuɗe, ta bar sawunta. Ɗigo biyun nan ma asalinsu 'yar ƙaramar e ce da marubuta ke ɗorawa a kan wasali, hannu ya yi ta gajarta ta har ta koma ɗigo.

Nikolai Trubetzkoy, ɗan sarautar Rasha da ya koyar a Biyana, ya ba yadda kunne ke karɓar baƙon sauti kwatancin da ban ga wanda ya fi shi ba, a littafinsa na Jamusanci kan tsarin sauti wanda ya fito a 1939, shekara guda bayan rasuwarsa. Ya kwatanta tsarin sautin harshen uwa da rariya. Duk maganar da ta shiga kunne sai an tankaɗe ta. Abin da ke raba ma'ana a harshenka shi ke tsayawa, saura ya zube. In ka saurari baƙon harshe, da rariyar gidanku za ka tankaɗe shi, alhali ba don garinsa aka saƙa ta ba. Binciken Janet Werker da Richard Tees na 1984 ya nuna lokacin da ake saƙar: jariri ɗan wata shida zuwa takwas yana rarrabe baƙaƙen harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara wannan baiwa ta fara dusashewa, kunnensa ya koma ga harshen masu goyonsa. Tun bai furta kalmar farko ba an gama yanke masa abin da zai ji cikin sauƙi da abin da sai ya yi gumi.

Mu ma an taɓa tankaɗe mu da rariyar wasu. A 1855 matafiyi Heinrich Barth ya koma Turai tare da Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram, kuma daga bakin wannan yaro James Frederick Schön, wani Bajamushe ɗan mishan, ya ɗebi yawancin Hausar da ya gina nahawunsa na 1862 da ita. Mutum ne mai himma da haƙuri, ya yi shekaru yana saurare. Duk da haka karin sautin Hausa, hawa da saukar muryar da ke raba kalma da kalma, bai shiga rubutunsa ba. Sai a ƙamusun Bargery na 1934 aka bi kalmomi ɗaya bayan ɗaya ana nuna karinsu da tsawon wasulansu, kuma a shekarun nan ne haruffa masu lanƙwasa suka samu gindin zama. Ɗan shekara uku a Zinder ba ya rikita baki da baƙi, ko kara da ƙara. Masani daga Turai kuwa sai ya koyi cewa akwai abin ji a wurin kafin ya fara jin sa. Duk lokacin da na ga ana yi wa ɗalibi dariya a aji don ya kasa raba dessus da dessous, wannan nake tunawa. Sau da yawa bakinsa lafiya lau yake. Kalma ɗaya yake ji ana maimaita masa, ana kuma ce masa biyu ne.

Akwai kalmomin Faransanci uku da nake ganin sun isa darasi guda: pain, bain, faim. Burodi, wanka, yunwa. Wasalinsu ɗaya ne, baƙin farko kaɗai ya raba su. Bahaushe ba shi da matsala da bain, domin b ɗinmu da ta Faransanci kusan jirgi ɗaya ya kwaso su. Tasa matsalar tana tsakanin burodi da yunwa, tunda a wurinmu p da f harafi ɗaya ne mai fuska da yawa: da leɓɓa biyu muke yin sa, wani ya rufe su ruf, wani ya bar iska ta zurara, mutanen yamma ma su mai da shi h, fari ya koma hwari, ma'ana ba ta gusa ba. Shi ya sa Paris ta zama Faris a bakinmu ba tare da kowa ya ji an yi ɓarna ba. Bajamushe kuwa p da f a rarrabe suke a kunnensa sarai. Shi tsakanin burodi da wanka yake tuntuɓe, kuma dalilin tuntuɓen nasa shi ne abu mafi ban mamaki da na sani a wannan fage.

Duka harsunan biyu suna rubuta p da b, da t da d, da k da g. Ido zai ce abu ɗaya ne. Amma ka kunna kyandir ka riƙe shi kusa da bakin Bajamushe ya ce Pass, harshen wutar zai kwanta, don wata 'yar iska na biyo bayan buɗe leɓɓa kafin murya ta kama. Ka kai kyandir ɗin bakin Bafaranshe ya ce passe, da ƙyar wutar za ta motsa, domin leɓɓa na buɗewa murya na kamawa. A wajen b kuma Bafaranshe tun leɓɓansa na rufe maƙwallatonsa ya fara ziza, ana jin wani ɗan gunji a ciki kafin a buɗe. Bajamushe a farkon kalma yawanci ba ya wannan gunjin. Buɗewa kawai yake yi murya ta biyo nan take. Ka ga ke nan b ɗin Bajamushe ta faɗa daidai inda p ɗin Bafaranshe take zaune. Leigh Lisker da Arthur Abramson ne suka tsayar da ma'aunin wannan abu a 1964, bayan sun auna harsuna 11: tazarar da ke tsakanin buɗe baki da farawar ziza. Da aka auna Faransanci da Jamusanci da shi, sai aka ga tazarar p ɗin Faransanci ba ta cika wuce kashi 20 ko 30 cikin 1000 na daƙiƙa ba, ta Jamusanci kuwa takan ninka haka ko fiye. Ƙiftawar ido ma ta fi wannan tazara daɗewa. A cikinta aka kafa iyaka, kuma kowace al'umma ta kafa tata a wuri daban.

Faransawa sun daɗe da jin wannan bambanci tun ba su da na'urar auna shi. Balzac, a littattafansa, in ya zo rubuta maganar attajiri Nucingen ko tsohon makaɗi Schmucke, sai ya riƙa musanya musu b da p, d da t, don mai karatu ya ji Jamusanci a bakinsu. Abin da kunnensa ya ba shi ya rubuta, kuma kunnen bai yi ƙarya ba, sai dai Jamusawa ma haka suke jin p ɗinsa kamar b.

Wasalin da ke cikin kalmomin nan uku shi ma abin tsayawa ne. A can ƙuryar rufin baki akwai hanɗa, wani labule mai taushi da ke ɗagawa ya toshe hanyar hanci in muna yin wasali, ya sauka in muna yin m ko n. Bafaranshe yana sauke labulen a kan wasalin kansa, iska ta rabu biyu, baki da hanci, kuma ba ya rufe bakin da wani n a ƙarshe ko da an rubuta shi. Haka ake samun bain da banc da bon, wanka da benci da mai kyau, ga kuma beau a gefe wanda hancinsa a rufe yake. Wanda ya yi karatun tajwidi ya san gunna, don haka ya san ƙofar. Abin da zai koya shi ne ya bar ta a buɗe ba tare da harshe ya taɓa ko'ina ba. Asalin abin n ce ta gaske, ta bonum da vinum na Latin, wadda wasali ya shanye hancinta sannan ta faɗi, shi ya sa take dawowa a bonne in ana maganar mace. Da muka ari gendarme sai muka mayar da n ɗin da Faransawa suka yar ɗaruruwan shekaru da suka wuce, muka ce jandarma. Courant ya zama kuran, ƙarshensa na fita ta hanɗa kamar na “nan” da “can”. Mutanen arewacin Jamus ma haka suke yi wa Balkon da suka aro, su rufe shi da irin wannan sauti. Ko a Faransa lissafin bai tsaya wuri ɗaya ba: littattafan makaranta na cewa wasulan hanci huɗu ne, amma a Faris brin da brun sun daɗe da zama ɗaya, yayin da a kudancin ƙasar da Kebek ake raba su.

Irin wannan sauyi na a-hankali shi ya ɗauki hankalin Jean-Pierre Rousselot, wani limamin coci da ake ɗauka a matsayin uban auna furuci da na'ura. Bincikensa na 1891 a kan karin harshen iyali guda ya yi shi, a ƙauyen Cellefrouin. Yakan sa wa mutum bututun roba a hanci da baki, motsin iska ya kaɗa wani siririn tsinke, tsinken ya yi zane a kan takarda mai baƙin hayaƙi da ke naɗe jikin gangar da ke juyawa. A zanen ya ga abin da 'yan gidan ba su ji ba, cewa furucin tsofaffi da na yara ya riga ya fara rabuwa alhali daga tukunya ɗaya suke cin abinci.

Tarihi ya haɗa Bahaushe da Faransanci ta hanyar mulki da makaranta, amma ni a ganina kunnensa ya fi kusa da Jamusanci ta fuskoki da dama. Ɗauki tsawon wasali. Mu da muke raba gari na zama da gari na tuwo ba ma buƙatar dogon bayani kan Stadt da Staat, birni da ƙasa, ko Mitte da Miete, tsakiya da kuɗin haya, ko Hölle da Höhle, jahannama da kogo. Faransancin Faris ya saki wannan bambanci, shi ya sa ɗalibin Faransa ke fama da shi. Tarkonmu a nan na ido ne: in muka ga t biyu a Mitte sai mu nannage ta kamar n ɗin “hannu”, alhali Bajamushe alama kawai ya yi cewa wasalin da ya gabata gajere ne. Sai kuma hamza. Duk kalmar Hausa da aka rubuta da wasali a farko, irin su aiki da ido, da 'yar datsewar maƙwallato take farawa, wadda muke rubutawa a tsakiyar sa'a da jama'a. Bajamushe ma haka yake yi, har a cikin kalma, kamar beachten, inda yake datsewa tsakanin be da achten, ko da yake ba ya rubuta ta kuma yawancinsu ba su san suna yi ba. Yana kuma furta h kamar yadda muke yi. Bafaranshe ba ya h, ba ya datsewa. Ɗinke kalmomi yake yi, har baƙin da ya mutu a ƙarshen kalma ya farfaɗo in ya ga wasali a gabansa, les amis ya fito kamar le-za-mi. Mai koyo yana neman inda kalma ta ƙare bai samu ba, don a gaɓa aka yanka maganar. Wasu kalmomi masu h kan hana ɗinkin, kuma da wannan aka raba les héros, jarumai, da les zéros, sifirai.

Inda Jamusanci ke juya mana baya shi ne cunkoson baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta ɗaukar baƙi biyu a jere a farko ko a ƙarshe, ga shi kuwa Herbst, kaka, ta tara huɗu a bayan wasali guda, Strumpf, safa, ta tara uku gaba uku baya. Ba mu kaɗai abin ya gagara ba. Wolfgang von Kempelen, wanda ya wallafa bayanin na'urarsa mai magana a Biyana a 1791, ya ƙera ta da zugazugi a madadin huhu, da ɗan bakin busa a madadin maƙwallato, da mazurari mai laushi da ake murɗawa da hannu a madadin baki. Shi da kansa ya lura cewa ta fi saurin kama Latin da Faransanci da Italiyanci a kan Jamusanci, saboda waɗannan baƙaƙe masu hawa kan juna. Ɗaya daga cikin irin na'urar tana gidan tarihin kimiyya na Munich har yau.

Harafin r kuwa a yau Bafaranshe da Bajamushe duka can baya suke yin sa, bayan harshe ya matso kusa da beli, ɗan naman nan da wanzamai ke cire wa jarirai a wasu gidajenmu. Da can da tsinin harshe ake kaɗa shi kamar namu, kuma har yanzu ana jin haka a Bavariya da wasu ƙauyukan Faransa. Wanda ya gyara gaini da kha'un ɗinsa a gaban malamin tajwidi ya riga ya san unguwar, ya kuma samu sautin ƙarshen Bach a kyauta.

Akwai wani abu guda da har yanzu nake juyawa a raina. A Jamusanci b da d da g suna rasa zizarsu a ƙarshen kalma, don haka Rad, wato ƙafar keke ko keken kansa, da Rat, wato shawara, duka da t ake rufe su. Sai an yi jam'i d ɗin take fitowa daga maɓoyarta, Räder a nan, Räte a can. Haka kowane littafin koyo ke cewa, haka Jamusawa da kansu ke cewa: furucinsu ɗaya ne. Amma a 1985 Robert Port da Michael O'Dell suka auna irin waɗannan tagwayen kalmomi, suka tarar wasalin masu d a ɓoye ya ɗan fi tsawo, da tazarar da ba ta kai a kira ta tazara ba. Da aka kunna wa Jamusawa muryoyin aka ce su canka, sun fi mai cankar banza dacewa, ko da yake suna yawan kuskure. Masana sun yi ta muhawara ko rubutu ne ke jan bakin mai karantawa, ko kuwa ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da Räder a lokacin da baki ke faɗin Rad. Na sa abin saurare a kunne cikin dare, gida ya yi tsit, na kunna kalmomin biyu a waya ina maimaitawa, wannan bayan wannan, sau da yawa. Kalma ɗaya nake ji.